Neman talabijin mai magana da bayanin hoto domin mahaifinmu da ya rasa gani

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na zo neman shawara ne a kan mahaifinmu, wanda ya yi shekara 32 yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma hawan jinin ido ya ɗauke masa gani gaba ɗaya shekara uku da suka wuce. Kafin lalurar ta same shi, ba ya bari labaran ƙarfe tara na NTA su wuce shi, kuma yana son wasan kwaikwayo da shirye-shiryen tarihi da na namun daji. Yanzu sai ya jira wani cikin jikokinsa ya dawo daga makaranta kafin a kunna masa akwatin a nemo masa tasha, idan kuma aka yi shiru a cikin fim sai ya riƙa tambaya, "Wa ya shigo? Me ta ɗauka?" Yaran suna ƙoƙari, amma wani lokaci kallon yakan ɗauke musu hankali su manta da shi. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne a 'yan watannin nan ya daina tambayar, sai ya zauna shiru har a gama, sannan ya ce a raka shi ɗaki.

Na ji an ce akwai talabijin da ke magana, yana kuma faɗa wa makaho abin da ke gudana a allo. A Kano muke. Don Allah wanne ya kamata in saya, kuma me zan tambayi mai shago don kada in kashe kuɗi a kan abin da ba zai amfane shi ba?

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma Allah ya saka miki da alheri. Ni daga Maraɗi nake, kuma yayana ma ya rasa ganinsa. A ganina rediyo mai kyau ya fi dacewa da wanda ba ya gani, domin an tsara shi ne don kunne tun asali. Akwai BBC da DW da RFI da gidajen rediyonmu na gida, duka da Hausa, ga wasannin kwaikwayo, ga wa'azi, kuma ko babu wuta batir ya wadatar. Kuɗin talabijin na zamani ba kaɗan ba ne a wannan lokaci.

Malam Ɗanjuma:
Alhaji, na fahimci niyyarka kuma ta alheri ce, amma ka ba ni dama in saɓa maka da girmamawa, domin ni makaho ne tun ina ɗan shekara tara, ƙyanda ce sanadi, kuma wannan rubutun ma da wayata mai karanta mini allo nake yin shi. Rediyo abokinmu ne na ƙut da ƙut, babu makahon da zai musa. Sai dai rediyo mutum yakan saurare shi shi kaɗai a ɗaki, talabijin kuwa a falo yake, inda iyali ke taruwa bayan sallar Isha. Idan aka ce wa dattijo ya koma ga rediyo, ba tare da an yi nufi ba an fitar da shi daga zaman iyalinsa. Shirun da Hajiya ta ce Baba ya koma yi, na san shi sarai, shirun wanda ya gaji da jin kamar yana takura wa mutane ne.

Hajiya, kafin ki je kasuwa ina so ki raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa, domin a nan ne kuɗin mutane da yawa ya salwanta. Na farko shi ne muryar jagora, wato muryar da ke karanta abin da aka rubuta a jikin saitin akwatin: sunan tasha, ƙarfin sauti, sunan manhaja, da inda aka tsaya idan ana matsawa da rimot. Wannan a cikin akwatin take, idan kika saya kin saya da ita. Na biyu shi ne bayanin hoto, wanda a jikin saiti za ki ga an rubuta Audio Description ko AD a taƙaice. Shi wannan muryar wani mai ba da labari ce da ke shigowa a tsakanin maganganun 'yan wasa, ta ce misali, "Ta ɓoye takardar a ƙarƙashin filo, ta juya ta kalli ƙofa." Wannan muryar ba akwatin ke ƙirƙirar ta ba. Mutane ne ke zama su rubuta ta, su naɗe ta, sannan tashar ko manhajar ta aiko da ita tare da shirin. Aikin akwatin kawai ya karɓa ya kunna. Idan ba a aiko ba, ko nawa kika sayi talabijin ɗin, za ki kunna AD ki ji babu abin da ya canza.

Maman Sadiya:
Malam, na gode ƙwarai. Wallahi da na je kasuwa da tunanin cewa abu ɗaya ne. Ke nan muryar jagora za ta raba Baba da jiran jikoki, amma tambayarsa ta "wa ya shigo" tana nan sai shirin da kansa ya zo da bayaninsa?

Malam Ɗanjuma:
Haka ne, Hajiya. Kada kuma ki raina ta farkon, domin mutum ya iya kunna akwatinsa da kansa ya nemo abin da yake so ba ƙaramin 'yanci ba ne.

Injiniya Bala:
Gyaran talabijin nake yi, don haka bari in ɗora a kan bayanin Malam ta fuskar kayan. Kowane kamfani da sunan da yake kiran muryar jagorarsa, kuma idan ba ki riƙe sunan ba, mai shago zai iya ce miki babu alhali akwai, don yawancinsu ba su taɓa buɗe wannan sashe ba. A Samsung sunanta Voice Guide, a LG kuma Audio Guidance. Akwatunan da ke aiki da Android TV ko Google TV, kamar na Sony da wasu na TCL, suna da TalkBack, wato irin wadda ke cikin wayoyin Android. Duka za ki same su ne a sashen da aka rubuta Accessibility a cikin saiti. Akwai kuma gajeriyar hanya: a siririn rimot na Samsung, idan aka danna maɓallin sauti aka riƙe kamar daƙiƙa biyu, sashen zai buɗe, a rimot na LG na zamani kuma maɓallin kashe sauti ake dannawa a riƙe. Wannan gajeriyar hanya tana da muhimmanci a gidan da yara ke kashe muryar idan sun zo kallo, domin Baba zai iya mayar da ita da kansa.

Abu na biyu, ki kula da ƙananan akwatuna masu araha waɗanda ba sa shiga intanet, domin mafi yawansu ba su da murya ko kaɗan. Haka nan suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Kamfani yakan saka wani abu a samfurin da ya kai Turai ya cire shi a wanda ya kawo Afirka, kuma na hannu da ake shigowa da su galibi sukan zo ba tare da rimot ɗinsu na asali ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne shaida. Kada ki yarda da abin da aka rubuta a kwali. A jona akwatin a gabanki, a kunna muryar, ki rufe idonki ki gwada zuwa YouTube da kanki ki dawo.

Abu na uku shi ne wanda ya fi jawo mini ƙorafi a shago. Muryar akwatin ba ta karanta abin da ya fito daga dikoda. Duk abin da ya shigo ta wayar HDMI, a wurin talabijin hoto ne kawai, ba rubutu ba. Saboda haka idan ta dikoda kuke kallo, akwatin zai ce an koma HDMI 1, daga nan ya yi shiru, jerin tashoshin kuwa ba zai karanta ba.

Hajiya Larai:
Abin da Malam Ɗanjuma ya faɗa na gan shi da idona. A Manchesta nake zaune, ina kuma aikin kula da tsofaffi, da yawansu ba sa gani sosai. A nan Ingila hukumar Ofcom ta wajabta wa manyan tashoshi su saka bayanin hoto a aƙalla kashi 10 cikin ɗari na shirye-shiryensu, kuma BBC da ITV da Channel 4 da Sky sun ɗauki alƙawarin kashi 20. Shi ya sa rimot da yawa a nan ke da maɓallin AD, dattijuwa ta danna sau ɗaya ta ji ana ba ta labarin abin da ke allo. A wasu akwatunan har ana iya ƙara ƙarfin muryar mai bayanin dabam da sautin fim ɗin, ko a tura ta zuwa abin saƙalawa a kunne ita kaɗai, don sauran 'yan ɗaki su yi kallonsu yadda suka saba.

Ganin haka ne ya sa na sayi irin akwatin na aika wa gwaggona a Zariya, na biya kuɗin dako mai yawa, ina murna. Da aka jona shi, muryar jagora ta yi aiki, amma maɓallin AD bai kawo komai ba a tashoshin da take kama. Na ɗauka lalacewa ya yi a hanya, sai daga baya na gane cewa lafiyarsa ƙalau, abin da zai karɓa ne ba a aiko masa ba. A Amurka ma doka ce ta tsayar da abin: a shekarar 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa manyan tashoshi wasu sa'o'i na bayanin hoto, ta kuma sa dole saitin talabijin da na dikoda ya zama makaho zai iya sarrafa shi. Ina ganin muryoyin da Injiniya ya lissafa sun yaɗu ne a sanadin irin wannan matsin, har mu ma muka samu rabonmu.

Alhaji Mamman:
Malam Ɗanjuma, na karɓi gyaranka, kuma maganar falo ta shige ni, domin yayana ma a ɗakinsa yake wuni da rediyo, mu kuma muna ɗauka haka ya fi so. Zan tambaye shi yau. Tambayata ita ce harshe. Shi Faransanci kaɗan yake ji, Turanci kuwa ko kusa. Wannan murya da wane harshe take magana?

Injiniya Bala:
Alhaji, muryar tana bin harshen da aka saita akwatin a kai ne, amma ba kowane harshen da ke cikin jerin ne yake da murya ba. Turanci kullum akwai, Faransanci ma ana samu a manyan kamfanonin. A duk akwatunan da suka bi ta hannuna ban taɓa jin wanda ya yi Hausa ba. Sai dai kalmomin da muryar ke maimaitawa ba su da yawa, lambobi ne da sunayen tashoshi da na manhajoji, don haka wanda ke jin Faransanci kaɗan zai saba da su cikin 'yan kwanaki.

Malam Ɗanjuma:
Tunda Baba malamin makaranta ne, Turanci ba zai ba shi wahala ba, don haka bari in faɗi inda bayanin hoton yake a zahiri ga wanda ke zaune a Kano. Ni dai a tashoshin gida ban taɓa cin karo da shi ba, duk da cewa akan saka mai fassara da hannu domin kurame a wasu labarai, abin da ke nuna cewa idan an so ana iyawa. Inda nake samu shi ne manhajojin intanet. Netflix ta fara saka shi a watan Afrilun 2015, bayan makafi sun yi ƙorafi cewa an fito da shirin Daredevil, wanda jaruminsa makaho ne, amma su ba za su iya bin sa ba. Yanzu shirye-shiryen da kamfanin ya yi da kansa galibi suna da shi, haka ma Prime Video da Apple TV. Idan shiri ya fara, sai a shiga wurin zaɓen sauti, a zaɓi wanda aka rubuta English Audio Description, kuma yawanci manhajar takan riƙe zaɓin zuwa shiri na gaba. Shirye-shiryen namun daji da Baba ke so suna cikin waɗanda suka fi daɗin saurare ta wannan hanya. Game da kuɗin data, a rage ingancin hoto zuwa mafi ƙanƙanta idan shi kaɗai ke saurare, tunda hoton ne ke cinye data, ba sautin ba.

Injiniya Bala:
Idan haka ne, akwai hanya mafi sauƙin kuɗi. Maimakon sabon akwati, a sayi ƙaramar na'urar nan ta Amazon mai suna Fire TV Stick a soka a bayan tsohon. Tana da muryarta mai suna VoiceView, wadda ake kunnawa ta hanyar danna maɓallin komawa baya da na jerin zaɓi tare a riƙe daƙiƙa biyu. Kuɗinta bai kai rabin na sabon talabijin ba.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, shawarar tana da kyau ga wanda aljihunsa bai kai ba, kuma ni ma da ita na fara. Amma ka tuna yanayin wutarmu. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tsohon akwatin yakan tashi a kan wata mashiga dabam, na'urar tana can tana magana a HDMI 2, shi kuma yana kan eriya yana shiru. A wannan lokaci makaho ba shi da hanyar sanin ko akwatin a kunne yake ko a kashe, balle ya san inda yake. Na sha zama da rimot biyu a hannu ina dannawa har sai wani ya shigo. Ga dattijon da bai daɗe da rasa gani ba, wanda bai riga ya saba da lalube ba, irin wannan takaici sau biyu ko uku ya isa ya sa ya ajiye abin gaba ɗaya. Rimot ɗaya da akwatin da ke magana tun daga kunnawa ya fi masa.

Injiniya Bala:
Akwai saitin da ke rage wannan matsala, wanda ke sa akwatin ya koma kan na'urar da kansa idan an taɓa rimot ɗinta. Samsung na kiran shi Anynet+, LG kuma SimpLink. Amma na yarda tsofaffin akwatuna ba duka ke da shi ba, kuma ko a masu shi ba kullum yake biyayya ba. Idan da hali, maganar Malam ce daidai. A haɗa da sitabilaiza kawai, don kada wuta ta ƙona dukiya.

Sani Mai Sauti:
Na daɗe ina bin wannan tattaunawa da jin nauyi, domin aikina shi ne haɗa sauti a finafinan Hausa, kuma ban taɓa tunanin makaho yana cikin masu kallonmu ba. Malam, ta fuskar aiki abin da ka kwatanta ba gagara ba ne: marubuci ɗaya, mai murya ɗaya, ɗakin naɗa sauti, da wanda zai rage kiɗa a wuraren da bayanin zai shigo. Ko tashar talabijin ba ta da hanyar aika sauti na biyu, ana iya ɗora kwafi na dabam a YouTube mai ɗauke da bayanin a ciki. Abin da nake so in sani shi ne me ake faɗa, me ake bari? Finafinanmu magana ta yi musu yawa, gurbin shiru kaɗan ne.

Malam Ɗanjuma:
Malam Sani, wannan tambayar na daɗe ina jiran wani daga cikinku ya yi ta. Yawan maganar ma taimako ne a gare mu, shi ya sa muke iya bin fim ɗin Hausa fiye da na faɗa da tsere. Inda muke ɓacewa sanannu ne: idan aka sauya wuri ba tare da an ambata ba, idan aka nuna saƙon waya ko wasiƙa a allo ba wanda ya karanta, idan aka rubuta "bayan shekara biyar", idan wani ya laɓe yana sauraro, ko aka zuba wani abu a abinci cikin shiru. Sau da yawa ƙashin bayan labarin yana cikin waɗannan daƙiƙu ne. Ƙa'idar ita ce ka faɗi abin da ido ya gani, kada ka yi mana fassara. Kada ka ce "ta ji haushi", ka ce "ta ajiye kofin da ƙarfi ta juya masa baya", mu ma muna da hankalin da za mu gane haushin. Kada ka hau kan maganar ɗan wasa, kada ka bayyana abin da kunne ya riga ya ji kamar ƙarar mota ko kuka, kada kuma ka tona asirin da mai ido bai riga ya gani ba.

Idan masu zuba kuɗi suka tambaye ka ko akwai masu saurare, ka gaya musu cewa binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido irin na Baba. Yawancinsu mutane ne da suka yi rayuwarsu suna kallo, suka rasa shi da girma. Muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, muna da hukumarmu ta ƙasa da aka kafa a 2020, akwai kuma NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma can ne ya kamata ƙungiyoyinmu su kai wannan buƙata a rubuce. Amma samfuri ɗaya da za a kunna a ji da Hausa zai fi takarda goma tasiri a gabansu.

Maman Sadiya:
'Yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na tafi kasuwa tare da Baba da kansa, kamar yadda Injiniya ya ce a gwada. A shago na farko an ce ba su san zancen ba, a na biyu yaron shagon ya yi haƙuri da mu muka lalubo sashen tare, ya ce shi ma ranar ya fara jin akwatin yana magana. Mun gwada guda uku, Baba ya zaɓi wanda rimot ɗinsa ya fi sauƙin ganewa da yatsa, mai inci 43. Muryar ta yi masa sauri da farko, sai muka rage gudunta a saiti. Na ɗiga ɗan gam a kan maɓallai uku don ya riƙa gane su da taɓawa, lambobin tashoshin dikoda kuwa guda biyar ya haddace, yana danna su kai tsaye.

Daren jiya shi ya kunna da kansa, ya shiga manhaja, ya nemo wani shiri a kan giwaye mai bayanin hoto, ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira Sadiya yana ba ta labarin yadda uwar garken ta tono ruwa a busasshen rafi. Ga wasannin Hausa kuwa, na karanta wa Sadiya ƙa'idojin da Malam ya rubuta, yanzu ita ke zama kusa da shi tana faɗa masa abin da aka yi a wuraren shiru. Matsala ɗaya da ta rage ita ce a cikin wata manhaja muryar jagorar takan yi shiru a wasu wurare.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi. Wannan shirun daga manhajar yake, ba daga akwatin ba, domin sai masu manhaja sun saka wa kowane maɓalli suna kafin muryar ta samu abin karantawa. Ki sabunta manhajar da tsarin akwatin duka, sau da yawa hakan yakan gyara.

Sani Mai Sauti:
Hajiya, Malam Ɗanjuma, na samu izinin wani mai shirya fim a kan minti goma na wani gajeren wasansa, na kuma rubuta bayanin bisa ƙa'idojin da aka faɗa a nan. Wurare biyu sun gagare ni, domin gurbin bai kai daƙiƙa uku ba kuma abin da ya faru yana da muhimmanci. Zan naɗa ranar Alhamis in turo muku. Ina roƙon Baba da Malam su saurara ba tare da kowa ya yi musu ƙarin bayani ba, sannan su gaya mini daidai inda suka ɓace.

Maman Sadiya:
Na gaya wa Baba, ya ce ka turo, zai saurara sau biyu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma in riƙe biro da takarda kusa.